Gidan renon itatuwa na hanyar Dadin Kowa: abin da yake yi wa mai fargabar sauyin yanayi

A Gombe, duk wanda gidansa yake bakin kwari ya san yadda barci yake ƙaurace wa ido idan hadari ya haɗu da tsakar dare. Tun da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024, fargabar ta kai har ga mazauna tudu, ga kuma zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40. Wannan damuwa ce ta kai ni wani ƙaramin gidan renon itatuwa da yake gefen hanyar Dadin Kowa, kuma da ita zan auna shi.

Wurin ba shi da wani ƙawa. Rumfa ce ta zana, a ƙarƙashinta an jera dashe cikin baƙaƙen ledoji: darbejiya, zogale, maɗaci, tsamiya, gwaiba da mangwaro mai aure, wanda kuɗinsa ya ninka na sauran. Darajar wurin tana ga dattijon da yake kula da shi, domin ba ya sayarwa sai ya yi tambaya. Da na nuna itacen turare saboda saurin girmansa, sai ya ce, “Malam, in kana da rijiya a gida ka bar wannan, shan ruwa gare shi.” Ya ba ni shawarar darbejiya a ƙofar gida don inuwa, gawo kuma a gona, saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma tana ƙara ƙarfi. Ya nuna mini zurfin ramin da hannunsa, ya ce a yaga ledar a hankali kada ƙasar ta rabu da saiwa, a jira ruwa ya zauna a Yuli kafin a dasa, sannan a kewaye da ƙaya ko keji, in ba haka ba an yi wa awaki kalaci ne kawai.

Akwai gyara. Ba a rubuta farashi ba, sai ciniki, kuma wasu dashen sun daɗe a leda har saiwarsu ta nannaɗe, wanda hakan yake hana su kamawa da wuri. Ba su kai kaya gida, kuma ba su sayar da maganin gara, alhali ita ce babbar abokiyar gabar dashe a nan.

Ba zan ce bishiya biyar za ta tsayar da zaizayar ƙasa ba. Wannan aikin hukuma ne, irin shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 da kuma gina manyan magudanan ruwa. Amma mai damuwa yana bukatar aikin da hannunsa zai kai, kuma ban ruwan safe da yamma yana rage zaman karanta labaran bala'i a waya. Wanda fargabar ta kai ga hana shi barci ko abinci, likita ya kamata ya gani, ba mai dashe ba. Ga sauran jama'a, ina ba da shawarar zuwa wurin da sassafe, lokacin da dattijon yake ban ruwa kuma yake da sukunin amsa tambaya, a kuma ɗaga kowace leda a duba ƙasanta kafin a biya.