Feshin maganin tsatsa a ƙarƙashin a-kori-kura: abin da na gani bayan damina

Ana yawan cewa mota ba ta tsatsa a Kano, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ba mu da teku, ruwan sama yawanci daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin kuwa iska a bushe take ƙayau, shi kuma ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa yake tsatsa. Amma wannan hukuncin motar da ke kai yara makaranta ta dawo gida ne. A-kori-kurar da ke neman abinci da bayanta, tata daban ce. Tawa tsohuwar Hilux ce, hannu na biyu, ta yi aiki a Fatakwal kafin ta zo hannuna. Ina kai taki gona da ita wajen Kura, in ɗauko shanshera, wani lokaci hatsi daga Dawanau, gab da Babbar Sallah kuma raguna daga Wudil.

Duk cikin kayan nan, taki ne babban abokin gabarta. Takin zamani yana zuƙo laima daga iska, shi ya sa buhun da aka bari a buɗe yake jiƙewa ya dunƙule. Yawancin takin NPK kuma akwai sinadarin fotash a ciki, ɗan uwan gishiri ne wajen cin ƙarfe. Buhu ɗaya ya fashe a hanya, ƙwayoyin su bi ta kafofin bodi su sauka kan ƙarafan da suka gitta shasi, su maƙale a gindin sifirin. Sai laka ta zo ta rufe su. Lakar gonakin shinkafa mai danƙo ce, samanta ya bushe amma cikinta na nan da ruwa har tsawon makonni. A ƙara da fitsarin raguna, an gama haɗa wa ƙarfe duk abin da ba ya so.

Bakanikena ne ya fara ganowa, ranar da ya sauke safaya taya. Ƙarfen da ke samanta ya yi ɓawo-ɓawo, ya sa yatsa ya ɓantaro wani falle ja mai faɗin tafin hannu. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin shasin yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da lafiya sai ka ji ƙara tas, inda tsatsa ta ci sai ka ji dum, ga jan gari yana zubowa ta ramukan ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ba ta kai ga walda ba, amma in ta ƙara damina biyu a haka, sai dai mai walda."

Hanya mafi araha a garin nan kowa ya san ta: a fesa baƙin mai bayan an yi juye. Yana ɗan korar ruwa, ba a musu, amma yana lalata robobin ƙafa, yana ɗiga a tsakar gida, ƙura kuma ta haɗu da shi ta zama ɓawon da ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Na wuce wannan. Mai fenti na farko da na je wurinsa ya ce in kawo motar da safe in ɗauka da la'asar, zai fesa mata baƙin fentin nan mai kwalta ta koma kamar sabuwa. Na tambaye shi tsatsar da ke jiki fa? Ya ce fentin zai danne ta. Nan na yi masa sallama. Kwalta a kan tsatsa kyan ɗan maciji ne: tana rufe laimar a ciki, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa a ɓoye, mai mota yana leƙawa yana jin daɗi.

Wanda ya yi aikin wani dattijo ne mai gyaran bodi da fenti, yana da rami a garejinsa. Sharaɗinsa na farko shi ne in jira hunturu, kuma in bar masa motar kwanaki. Aka fara kai ta gidan wanki, aka bi ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, har da cusa tiyo cikin shasin. Abin da ya fito daga ciki ya ba ni mamaki: laka, yashi, ƙaiƙayin shinkafa, har da leda. Shasin Hilux rufaffen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, yana da ramukan da ruwa zai bi ya fita, nawa kuwa da yawa sun toshe. Yaransa suka bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ta a rana ta bushe, a iskar hunturu wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Sai aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma a ganina shi ne ainihin abin da na biya: kankara. Burushin ƙarfe a bakin garanda, inda garanda ba ta shiga a bi da hannu. Yaran suna fitowa daga rami jajawur har gira. Bayan nan ya shafa wani ruwa mai asid da ke mayar da ragowar siririyar tsatsa baƙa ta daina ci. Ya ja kunnena cewa ruwan ba ya aiki a kan ɓawo mai kauri, dole sai an kankare tukuna. A kai aka yi jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi, ya bushe, sannan baƙin mai kwalta, shi ma a inda tsakuwa ke duka kawai: cikin kumatun tayoyi, ƙasan bodi, da bayan shasi. Ya naɗe salansa, da faifan birki, da wayoyi, da tsofaffin jaridu kafin feshi. Kwalta a kan salansa hayaƙi da wari za ta yi ta yi, a kan birki kuwa ba a ma magana.

Cikin shasi fenti ba ya isa. A nan na yi amfani da gwangwanayen Fluid Film, wani maiƙon hana tsatsa, da wani ƙanena ya aiko mini, masu doguwar siririyar tiyo da ake zurawa ta ramuka. Da maiƙon gashin tumaki ake yin sa, kuma ba ya bushewa, yana ta malala yana shiga haɗin ƙarafa. Warinsa ma na garke ne, har uwargida ta tambaya ko na sake ɗauko raguna. Dattijon bai taɓa aiki da shi ba, ya shinshina ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai giris ne ya yi boko." Amma ya fesa shi yadda ya kamata, har cikin ƙofar baya da saman tankin mai.

Damina ta wuce, na koma rami muka duba. Inda aka kankare aka yi jan fenti da baƙi, lafiya lau, ko ɗigon ja babu. Notocin sifirin da a da sai an sa musu wuta suke kwancewa, yanzu sifana kaɗai ta ishe su. Cikin shasi, da muka haska da fitilar waya, yana nan da maiƙonsa.

Inda ban ji daɗi ba guda biyu ne. Maiƙon da aka fesa a wajen shasi ya kwashi ƙurar Kano ya yi kauri, kuma masu wankin mota sun wanke mafi yawansa da ruwansu mai ƙarfi tun kafin Agusta. A garin nan, cikin shasi kawai ya dace da shi, kuma ko a can sai an sabunta duk shekara. Na biyu, kwaltar ta tsage a wuri guda kusa da tayar baya, inda nake zaton ba ta kama sosai ba saboda ƙurar da ta sauka lokacin feshi. Da na ɓare wurin, akwai laima a ƙasa. Garejin a buɗe yake, hunturun da ke busar da ƙarfe shi ne kuma ke kawo ƙura. Dattijon ya gyara wurin bai karɓi ko sisi ba, amma wannan ya nuna mini cewa baƙin fentin abu ne da za a riƙa leƙawa, ba a fesa a manta ba.

Mai shirin sayen a-kori-kura 'yar Kwatano ko wadda aka sauke a Legas, shi ya fi kowa buƙatar shiga rami. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo, da Ontariyo ta Kanada, gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, motocin can kuma da ciwonsu suke zuwa. Lamarin ba ƙarami ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin motocinsa ƙirar Tacoma na 2005 zuwa 2010, da Tundra na 2007 da 2008, da Sequoia na 2005 zuwa 2008. In ka ga tsohuwar mota ƙarƙashinta baƙi wuluk yana ƙyalli da sabon feshi, tambayi abin da aka rufe, ka je da guduma da sukundireba.

Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai na sababbin tayoyi biyu ba, kuma mafi yawansa ladan kankara ne, ba kuɗin fenti ba. Ga mai ɗaukar taki, gishiri, fatu ko dabbobi, ko mai shiga gona da damina, na ga ya cancanta. Wanda motarsa ba ta sauka daga kwalta a cikin gari, wanke ƙarƙashi da buɗe ramukan shasi a ƙarshen damina ya ishe shi. Ni dai yanzu ina shimfiɗa tamfal kafin a loda taki, in an sauke a share a wanke bayan a ranar, kuma na cire shimfiɗar robar da ke bayan motar, don dattijon ya nuna mini ruwa na kwana a ƙarƙashinta. Ƙasan bodin wajen kusurwar hagu ya riga ya yi siriri tun kafin feshin, wannan sai an yanke an sa sabon falle, na bar shi sai bayan girbi.