Wasannin MSN da na Yahoo Messenger: wanne ke tashi har yanzu?

Malam, kan tambayarka ta ko za a iya sake buga wasannin cikin MSN Messenger da Yahoo Messenger: na MSN akwai ɗan sauran numfashi, na Yahoo kuwa an daɗe da yi musu sutura. Dalilin mutuwarsu guda ne. Manhajar hirar ce kawai ke zaune a kwamfutarka, wasan kansa yana can kan saba, wato babbar kwamfutar kamfanin. In ka gayyaci abokinka, shafin intanet ne ke buɗewa a gefen tagar hira, daga can ake jawo shi. Ranar da kamfani ya kashe sabar, ko kana da manhajar a faifai sabuwa dal, allo fari za ka gani.

Na MSN su suka cancanci wahalar, musamman Minesweeper Flags. Fili ne mai gida 16 a tsaye, 16 a kwance, an binne nakiya 51 a ciki. Saɓanin wanda ke zuwa da Windows, nan ba gudun nakiya ake ba, nemanta ake yi. Ka dace da ɗaya ka kafa tutarka ka sake bugawa, ka kuskure bugu ya koma hannun abokin karawa, kuma lambar da ka tona ta zama fitila gare shi. Wanda ya fara kai 26 ya ci. Kowa na da bam ɗaya mai buɗe gida biyar a tsaye, biyar a kwance, amma sai kana baya a maki za a bar ka ka jefa. Shi ya sa gwanaye kan guji tsakiyar fili da farko: ka taɓa gidan da babu komai kewaye da shi, fili ya wage, abokinka ya kwashi tuta huɗu ko biyar a jere kana kallo. Wanda aka yi wa haka kuwa ba ya da abin yi sai ya dinga danna maɓallin da ke girgiza wa ɗan uwansa tagar hira don haushi. Akwai kuma Solitaire Showdown na karta, da dara irin ta Turawa, da Bejeweled.

Microsoft ta rufe MSN Messenger a 2013 ta tura mutane Skype, China kaɗai ta kai Oktoban 2014. Skype ɗin ma an rufe shi a Mayun 2025. Abin da ya rage shi ne Escargot, sabar da masu sa kai suka gina don tsohuwar manhajar ta samu inda za ta shiga, kuma kyauta ce. Ka je shafinsu ka buɗe sabon asusu, ka sauke manhajar da suka riga suka gyara daga wurinsu. Fitowar 7.5 ko 8.5 ta fi kama da abin da kake kewa, akwai kuma ta 2009. Tsohuwar kalmar sirrinka ta Hotmail ba ta aiki a nan, tsofaffin abokanka ma ba za ka tarar da su ba. Dole wanda za ku yi wasa da shi ya yi rajista shi ma, ku ƙara juna da hannu. In manhajar ta ƙi buɗewa a Windows 10, danna dama a kanta, shiga Properties, sai Compatibility, ka zaɓi Windows XP.

Hira za ta tafi, da sautin shigowar saƙo da girgiza taga. Wurin wasa ne ake cin karo da dutse. Tagar wasan da injin Internet Explorer take aiki, kuma da yawansu Flash suke nema, wata manhajar kamfanin Adobe mai kunna wasa da bidiyo a burauza. Adobe ta daina kula da Flash a ƙarshen 2020, daga 12 ga Janairun 2021 fitowarsa ta ƙarshe ta daina buɗe komai, Microsoft kuma ta cire shi daga Windows. Mafita ita ce ka girka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tafiyar da wani Windows a cikin naka, ka ɗora Windows XP ko 7 a ciki, ka ba shi RAM 1GB in XP ne, 2GB in 7 ne, sannan ka sa tsohon Flash, irin na Internet Explorer. Wanda aka yi wa Firefox ba zai yi ba, kuma nan mutane da yawa ke ɓata yini guda. Abokinka ma sai ya yi duk wannan a nasa ɓangaren. Bayan haka ɗin ma, wasan da masu sa kai suka samu kwafinsa ne kawai zai iya tashi, don haka kar ka shiga da sa ran cikakken jerin da ka sani. Kuma kar ka buɗe imel ko manhajar banki a cikin wannan tsohon Windows ɗin.

Yahoo kuwa, duk da cewa shi ya fi cika kafe-kafen Najeriya a lokacinsa, babu abin kamawa. Sunukarsa da ta yi suna, wato Yahoo Pool, da manhajar Java take tafiya a burauza, an rufe ta a ƙarshen Maris 2014, Chrome ya daina karɓar Java a 2015, manhajar hirar kanta ta mutu ranar 17 ga Yulin 2018. Masu sa kai sun farfaɗo da ɓangaren hira, amma teburin sunuka da maki sun tafi da sabar.

Wani zai ce maka Flashpoint. Rumbu ne mai kyau na tsofaffin wasannin burauza, sai dai ba zai haɗa ka da kowa ta intanet ba. Haka in wasannin wayar Java ne na zamanin 2go ke ranka, irin su Bounce Tales da Diamond Rush, waɗannan suna tashi lafiya a Android da J2ME Loader, domin komai nasu na cikin fayil ɗin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tura manhaja a kasuwar waya da masu talla a intanet. Duk wanda ya ce zai sa maka Yahoo Messenger da wasanninsa duka suna aiki, ƙarya yake yi, kuma sau da yawa abin da zai zuba maka bairos ne. Fayil ɗin Android mai sunan MSN da ke neman imel ɗinka da kalmar sirri tarko ne. Mai cewa ka biya ya dawo maka da tsofaffin abokai shi ma haka. Sai masu laftof na hannu da za su nuna maka Internet Checkers a jerin wasannin Windows 7 su ƙara kuɗi a kai: sabar wannan wasan ma an kashe ta tun Janairun 2020. Ka ce a jona intanet a buga a gabanka kafin ka ciro ko sisi.

Shawarata, in wasa da aboki kake so, ka bar tono. Ku sa Plato a wayoyinku ku biyu, hira da wasa a wuri ɗaya, akwai sunuka, ludo, dara, har da na farautar nakiya na mutum biyu. In dara mai gida 100 ce, lidraughts. In ches ne, a Lichess ka zaɓi wasa da aboki, zai ba ka link ka tura masa ta WhatsApp, ko rajista ba ya buƙata. Escargot kuma ka ajiye shi sai ranar da kake da wuta da lokaci, kuma ka zaɓi kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a ko'ina.