"Un sinfín de" a Turanci: "endless" ko "countless"?

Masu koyon Sifaniyanci sun sha tambayata wacce za su ɗauka. Asalin kalmar "sin fin" ne, wato babu ƙarshe, shi ya sa hannu ke saurin rubuta "endless". Ga sauƙi, ga riƙe hoton asali, sai dai takan ja hankali zuwa ga daɗewa da gajiya.

Alhali mutumin Madrid in ya ce "un sinfín de libros", yawan littattafai yake nufi, har ba sa ƙirguwa. Nan "countless" ta fi zama daram, amma ba ta ɗaukar abin da ba a ƙirgawa, kamar haƙuri.

Mai fassara waƙa ko koke, "endless" ta fi masa. Mai fassara labarai ya riƙe "countless".