Karen haya da karen gida: abin da muka gani wajen korar dinyoyin Kanada

Shekara 3 ke nan ina cikin kwamitin da ke kula da harabar masallacinmu a jihar New Jersey ta Amurka, kuma babu abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya kamar dinyoyin Kanada, wato wani jinsin manyan dinyoyin daji. A bayan ginin akwai fili mai gajeriyar ciyawa da ɗan tafkin da ruwan sama ke taruwa, wato abinci da mafaka a wuri guda, saboda haka tsuntsayen suka tare, ko hunturu ba ya korarsu. Kashinsu ya kai ga sai mun bi filin da shebur kafin a shimfiɗa tabarmi ranar Idi, kuma idan macen tana kwanci a kan ƙwai, namijin yakan miƙe wuya ya bi yara yana huci.

Kashe su ba ya cikin lissafi, domin dokar tarayya ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta haɗa da su, kuma ko ƙwansu ba a taɓawa sai an yi rajista da hukumar kula da kifi da namun daji. Da wani maƙwabcinmu ya yi tayin kawo karensa na gida kyauta, sai muka karɓa hannu bibbiyu. Ranar farko karen ya afka musu da haushi, suka watse suka faɗa ruwa, muka ɗauka an gama. Ashe tsakiyar tafkin kawai suke komawa su jira, da zarar mai kare ya tafi aiki sai su fito su ci gaba da kiwo. Ranar da karen ya kusa cafke wani ɗan tsakonsu muka dakatar da shi, domin da ya kashe shi, mu hukuma za ta tuhuma.

Daga nan muka ɗauki wata ƙwararriya mai karnuka biyu jinsin Border Collie, irin waɗanda makiyayan tumaki na kan iyakar Ingila da Sikotilan suka daɗe suna aiki da su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirunsu. Karen yakan sunkuyar da kai, ya kafe su da ido, ya riƙa sanɗa kamar mafarauci, kuma wannan kallon ne yake sa dinyoyin su ɗauke shi a matsayin dabbar da za ta cinye su. Idan suka gudu cikin ruwa, matar takan shiga ƙaramin kwalekwale, kare kuma ya bi su da iyo sanye da rigar da ke hana nutsewa, har sai sun tashi sama. Fito ɗaya za ta yi ya kwanta a inda yake. Tana zuwa sau biyu a rana, a lokuta mabambanta don kada su gane lokacinta, kuma ta mutunta roƙonmu na kada karnukan su kusanci ƙofar masallaci ko wurin alwala. A ƙarshen Yuni, lokacin da gashin fikafikan dinyoyin ke zuba ba sa iya tashi, ita da kanta ta ce a tsagaita.

Aibin aikin biyu ne. Kuɗin wata-wata ya yi wa asusun masallaci nauyi, kuma su dinyoyin, filin ƙwallon da ke tsallaken titi kawai suka koma. Da muka dakatar da kwangilar a hunturu don rage kashe kuɗi, kafin Maris ya ƙare wasu biyu sun dawo sun yi sheƙa. Bana mun sabunta kwangilar tun Fabrairu, mun kuma bar ciyawar bakin tafkin ta yi tsawo kamar yadda ta ba mu shawara, domin dinya ba ta son wurin da ba ta hango abin da ke tunkaro ta.