Jinyar ɗana a sashen yara masu ciwon daji a Gombe

Ma'aikatan sashen nan sun cancanci yabo, kuma ba don sun gan ni nake faɗa ba. Ɗana mai shekara 3 ne ke kwance a hannunsu da niyurobilastoma, wani ciwon daji da ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yakan fara ne daga 'yar halittar nan da ke zaune a saman ƙoda, ko daga jijiyoyin da ke bin gefen ƙashin baya. Mu a Kumo saifa aka ce mana, wasu suka ce tsutsar ciki, har sai da kewayen idonsa ya yi baƙi kamar an doke shi, ƙafa ta ƙi takuwa.

Abin da ya fi kwanta min shi ne bayani. Likitar ta zaunar da ni da babansa, da Hausa, ta nuna mana ƙullutun a hoton ciki, ta ce akwai wani dajin na ƙoda mai kama da shi, don haka sai an ɗebi tsoka da ɓargo kafin a fara magani. Ba ta yi mana alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Ta ce jariran da ba su kai wata 18 ba sun fi samun sauƙi, namu kuwa ciwon ya riga ya taɓa ƙashi. Na yi kuka, amma na gode mata.

Nas-nas ɗin ma sun iya hannu. Jijiyar yaron da kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sakawa ta jijiya, ya ci wuyar samu gare ta, amma akwai wata da ke lallashinsa tana cewa "Maman yaro, riƙe min shi a ƙirjinki", ta samu ba tare da ta yi ta tsira masa allura ba. Sun kuma ja kunnenmu: zazzaɓi bayan kemo ba na kemis ba ne, ko da tsakar dare a taho.

Inda ake wahala magani ne. Sau da yawa babu shi a kantin asibiti, sai a waje, kuɗin kuma ba na talaka ba. Gwajin fitsarin da ke taimakawa wajen gane ciwon ma wani gari aka aika da shi, muka daɗe muna jira. Masu jinya kuwa tabarma ce a baranda, da sauro.

Yanzu ƙullutun ya ragu, ana maganar tiyata. Muna roƙon addu'arku.