Gargaɗi ga masu tsohuwar Fijo: 850,000 na biya, injina ya fenta ya mayar mini

Jama'a, duk mai shirin tayar da tsohuwar a-kori-kura ya yi hattara da wani mai tallar injin Beljiyam a Facebook. Naira 850,000 ya ci mini. 600,000 kuɗin inji, 250,000 na walda da gyaran tsatsa. 850,000 cif, ta banki, shaidar tana hannuna.

Motar Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi dakon hatsi har ya aurar da mu. Injinta ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, tsatsa kuma ta cinye ƙasan wajen direba har kana hango titi ta ƙarƙashin ƙafarka.

Kada wani ya zo yana ce mini ban bincika ba. Na san kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na san Fanteka ta Kaduna, ba yau na fara sayen kayan mota ba. Mutumin nan ya kira ni ta bidiyo, ya tayar da inji a gabana, ba hayaƙi, ba ƙara. Garejinsa ma na je da ƙafata. Da na ce ko a sa mata injin Toyota, shi ne ya hana ni. Ya dafa bonet ya ce, “Alhaji, kada ka ɓata mata asali, sai an sake mazaunin inji an taɓa giyabos. Ni ma babana irinta ya tuƙa.” Kuma gaskiya ya faɗa a kan mazaunin! To wa zai zargi mai irin wannan magana? Ɗan damfara ai abu mafi tsada yake tura ka. Wannan dafa bonet ɗin shi ke hana ni barci. “Ni ma babana irinta ya tuƙa.”

Da muka ɗauko ta, ko gari ba mu fita ba ta ɗau zafi. A'a, kafin nan ma sai da ya karɓi cikon kuɗin, wai fenti bai bushe ba, kada a buɗe bonet. Washegari makanikena ya zaro sandar awon mai, ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai. Ya kankare fentin jikin injin, muka duba lamba, muka duba takardun mota. Lamba ɗaya ce. Injin babana ne mutumin ya wanke, ya fesa masa fenti, ya sayar mini 600,000.

Tsatsar kuwa, bai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ko ɗaya ba. Filla, ƙullin nan da ake cike lotsawar mota da shi, ya lafta a kai. Mun manna maganaɗisu a gindin ƙofa, ya faɗo ƙasa. Ƙarƙashin tabarmar kuma guntun kwanon rufi ne aka ɗaure da ribiti. Wannan shi ne aikin 250,000.

Yanzu waya ba ta shiga, garejin ashe na aro ne. Zan ɗora hotunan hirarmu da rasit da lambar injin da zarar an gama shigar da ƙara.

Ku rubuta lambar injinku kafin mota ta bar gida, ku je da maganaɗisu, kada ku cika kuɗi sai makanikenku ya gani. Masu kirana suna tambayar yaushe motar Baba za ta fito, don Allah ku dakata tukuna.