Katun ɗin Gizo ko na tarihi, wanne zai kama?

Ƙanena da ke zanen katun a nan Gombe yana sawa a Facebook ya tambaye ni wai yaya wanne zan riƙe, barkwancin tatsuniya ko na tarihi. Na ce masa tatsuniya ta fi kwanciyar hankali wallahi, Gizo ba shi da dangin da za su biyo ka har gida, ka zana shi da ƙaton ciki baki duk miya yana rantse wa Ƙoƙi bai taɓa tukunya ba, kowa ya yi dariya ya wuce. Matsalarta ɗaya, tun hoto na biyu an san ƙarshen labarin.

Tarihi kuma ya fi nama amma akwai ƙaya. Ɗauki yaƙin Bormi na 1903 can wajen Bajoga, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, nan fa ba wurin wasa ba ne, jikokin mutanen suna nan da ransu, haka Buba Yero da ya karɓo tuta daga Shehu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar Gombe, waye zai ja masa dogon hanci ya kwana lafiya? Sai dai a juya dariyar kan Bature da hular kwanonsa yana gumi, tafinta na fassara masa abin da ba a faɗa ba, ko wasan Fulani da Barebari tunda wannan an saba.

Ni na tarihin na zaɓa masa, amma na ce kafin ya ɗora komai ya fara nuna wa Baba tukuna.